Rabon Iko Tsakanin Tarayya da Jiha, Yadda Ake Ganinsa Daga Fadamar Haɗejiya

Mutumin da ke zaune a Kafin Hausa, ko Bulangu, ko ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke jere a gefen fadamar Haɗejiya, yana ƙarƙashin hukumomi uku a lokaci guda, ko da bai taɓa zama ya lissafa su ba. Rumfar da yake kasa kaya a kasuwa, da tashar da yake hawa mota, da amalanken da yake kai taki gona da shi, al'amarinsu na ƙaramar hukuma ne. Gonar da ya gada, da babban asibitin da ake kai iyalinsa, da kotun da ke raba masa gado, suna hannun gwamnatin jiha da ke Dutse. Amma takardar kuɗin da ke aljihunsa, da ɗan sandan da ke tsaye a bakin hanya, da ruwan kogin da shinkafarsa ke sha, waɗannan linzaminsu yana Abuja. Wannan rabo rubutacce ne cikin kundin tsarin mulki na 1999, kuma ya cancanci a zauna a dube shi a tsanake, domin galibin koke-koken da ake ji a majalisun ƙofar gida game da ambaliya da tsaro da kuɗin ƙananan hukumomi, in aka bi saiwarsu, sai a tarar ta nutsa cikin 'yan shafukan nan waɗanda ƙalilan daga cikinmu suka karanta.

Farkon abin da ya wajaba a tantance shi ne asalin ikon da ke hannun gwamna, daga ina ya samo shi. Magabatanmu sun saba da tsarin da iko ke gangarowa daga sama: Sarkin Musulmi a Sakkwato shi ke ba da tuta, shi ke tabbatar da sarki a kan gadonsa, Waziri kuma ya zaga ƙasashen gabas yana duba al'amura. Malaman siyasar shari'a, tun daga Mawardi mai Ahkamus Sulɗaniyya har zuwa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo mai Liya'ul Hukkami, sun yi bayanin irin wannan wilaya, wadda asalinta wakilci ne, wanda ya naɗa kuma yana da ikon tuɓewa. Mutanen ƙasar Haɗejiya kuwa sun fi kowa sanin inda wannan tsari ke yin rauni, domin a tsakiyar ƙarni na 19 Sakkwato ta tuɓe Sarki Buhari, shi kuma ya ƙi tuɓuwa, ya komo ya karɓe gadonsa da kaifin takobi, ya zauna a kai har rasuwarsa a 1863, alhali babu wani alƙali da ɓangarorin biyu suka yarda su gurfana gabansa, sai dai fagen fama. Tarayya ba haka take ba. Gwamnan Jigawa ba hakimin Shugaban Ƙasa ba ne. Jama'ar jiha suka zaɓe shi, majalisar dokokin jiha ce kuma ke da hurumin tsige shi bisa sharuɗɗan sashe na 188. Shugaba da gwamna daga takarda ɗaya suke ɗiban iko, in kuwa suka saɓa, sashe na 232 ya ajiye musu Kotun Ƙoli ta raba gardama. Ikon jiha ba gayauna ba ce da maigida ya yanka wa ɗansa a gefen gandu, wadda in ya ga dama ya karɓe abarsa. Gonaki biyu ne masu iyaka ɗaya, kowace da shaidarta. Wanda ya san Jamhuriyar Nijar zai ga bambancin nan take, domin gwamnan Damagaram ko na Maraɗi daga Yamai ake naɗo shi, daga can kuma ake sauke shi. Gaskiya ne sashe na 305 ya ba Shugaban Ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci, an kuma dakatar da gwamnoni da sunanta a Filato a 2004 da Ribas a 2025, amma wannan hukuncin larura ne, wanda masana shari'a suka daɗe suna saɓani a kan iyakarsa.

Yadda aka zo ga wannan tsari yana da darasi ga mutanen Arewa musamman. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, tsarin Gwamna Richards na 1946 ya kafa majalisun yankuna uku, na Macpherson a 1951 ya ƙara musu ƙarfi. Sai rikicin 1953 ya taso, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo shawarar mulkin kai a 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna suka ce sai an shirya, aka yi musu ihu a titunan Ikko, jini ya zuba a Kano cikin watan Mayu. A wannan shekara ce majalisun Arewa da ke Kaduna suka fitar da buƙatu takwas, waɗanda suka nemi kowane yanki ya riƙe dukkan al'amuransa, kada a bar wa tsakiya sai 'yan abubuwa irin su tsaron ƙasa da hulɗa da waje da kwastan. Daga tarurrukan Landan da Ikko aka sami tsarin Lyttelton na 1954, wanda shi ne farkon tarayya ta haƙiƙa a ƙasar nan. A zamanin Jamhuriya ta Farko yankin Arewa yana da nasa tsarin mulki, da Firimiya, da hukumar cinikin amfanin gona wadda gyaɗar da ake aunawa a tashar Malam Madori ke ƙara wa baitulmalinta nauyi. En'e kuma tana da 'yan dokanta da alƙalanta da gidan yarinta. Watau mu ne muka fara neman a rage wa tsakiya ƙarfi, ko da yake a yau muryar da ta fi tashi da wannan kira daga Kudu take fitowa, Arewa tana ɗari-ɗari. Abin da ya juya al'amarin kuwa shi ne man fetur, wanda ya mai da asusun tsakiya abin dogaron kowa.

Soja suka sauya ma'aunin. Janar Ironsi ya soke tarayya ɗungurungum da doka ta 34 a watan Mayu na 1966, abin da ya jawo tarzoma a biranen Arewa, Gowon ya maido da ita. Amma mulkin soja, ko da ya kira kansa tarayya, ɗabi'arsa umarni ce daga sama, gwamna ƙaramin hafsa ne da aka turo. Cikin waɗannan shekaru aka narkar da 'yan dokan En'e cikin rundunar 'yan sandan ƙasa, aka karɓe jami'o'in yankuna, har da Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, aka kuma yi ta yanyanka ƙasa: jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, sannan 36 a 1996. Tsarin 1979 da na 1999 duka soja suka sa musu hannu, suka kuma gadar musu da wannan nauyi na tsakiya.

Dabarar rabon kanta ba ta da wuyar ganewa. Sashe na 4 ya raba ikon yin doka, Jadawali na Biyu kuma ya jera al'amura cikin jeri biyu. Jerin farko, wanda aka rubuta da abubuwa 68, keɓantacce ne ga Majalisar Tarayya, jiha ba ta da ta cewa a cikinsa: tsaron ƙasa, hulɗa da ƙasashen waje, buga kuɗi, bankuna, kwastan, ƙidayar jama'a, ma'adinai da man fetur, 'yan sanda, ƙwadago da mafi ƙarancin albashi, ma'auni da sikeli, manyan hanyoyin da majalisar ta ayyana na tarayya ne, da sauransu. Jeri na biyu na haɗaka ne, kowane ɓangare na iya yin doka a kansa gwargwadon iyakar da aka shata masa: ilimi, da wutar lantarki, da bunƙasa noma da masana'antu, da tattara wasu haraji, da kayan tarihi. In dokar jiha ta yi karo da ingantacciyar dokar tarayya, ta tarayya ke rinjaye, ta jiha ta ɓaci gwargwadon wurin karon kaɗai. Abin da kuma ba a ambata cikin ko ɗaya daga jerin biyu ba, wannan ya zama na jiha, kamar yadda yake a Amurka, saɓanin Kanada inda ragowar ke komawa tsakiya. Wannan ragowa ba ƙarama ba ce, kamar yadda wasu ke zato. A cikinta sarautun gargajiya suke, shi ya sa naɗin Sarkin Haɗejiya ko ƙirƙiro masarauta al'amarin Dutse ne. A cikinta tsara birane yake, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihar Legas a 2003. A cikinta kuma galibin dokokin laifuffuka suke.

Ta wannan ƙofa ce Zamfara ta bi a 1999 ta faɗaɗa hurumin shari'ar Musulunci zuwa laifuffuka, Jigawa da sauran jihohi suka biyo baya a 2000, suna kafa hujja da cewa kundin ya ba majalisar jiha ikon kafa kotuna, ya kuma ambaci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da sunanta a sashe na 275. Masu suka kuma suka riƙe sashe na 10, wanda ya hana ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Har auren ma an raba shi: jerin tarayya ya ɗauki aure da saki, amma ya togace auren Musulunci da na gargajiya, saboda haka auren da liman ya ɗaura a ƙofar gida a Kafin Hausa, in ya zo ga rabuwa ko gado, gaban alƙalin jiha ake kai shi. A ganina wannan yana daga cikin wuraren da tarayya ta yi fa'idar da aka ƙirƙiro ta dominta, watau ta bar al'ummomi masu mabambantan aƙidu su zauna cikin ƙasa ɗaya ba tare da an tilasta wa kowa ya bar abin da ya yi imani da shi ba.

Misalin haɗaka kuwa yana tsaye a cikin garin Kafin Hausa kansa, watau Jami'ar Sule Lamiɗo, wadda jiha ta kafa a 2013. Majalisar dokokin Jigawa ce ta yi mata doka, baitulmalin jiha ke biyan malamanta, gwamna ke naɗa majalisar gudanarwarta. Amma ba za ta buɗe wani fannin karatu ba sai hukumar jami'o'i ta ƙasa ta tantance shi, ɗalibi ba zai shiga ba sai ta hanyar jarrabawar JAMB, asusun TETFund na tarayya kuma yana tallafa wa irinta da gine-gine. Dalili shi ne kundin ya bar wa jiha ikon kafa jami'a, amma ya ajiye wa tarayya ƙayyade mafi ƙarancin mizanin ilimi a kowane mataki. Wannan haɗaka mai ma'ana ce, domin takardar shaidar da yaro ya samu a nan wajibi ne ta karɓu a Ibadan da Fatakwal. Jerin kuma ba a kan dutse aka sassaƙa shi ba: a watan Maris na 2023 an ciro jiragen ƙasa da gidajen yari daga jerin tarayya aka mai da su na haɗaka, aka kuma sakar wa jihohi mara a sha'anin lantarki. Ta fuskar doka, yau ba abin da zai hana Jigawa shimfiɗa nata layin dogo; abin da zai hana ta shi ne kuɗi, kuma za mu zo kansa.

Inda rabon ya fi ciwo ga talaka shi ne tsaro. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, ba za a kafa wata ba ga tarayya ko wani yanki nata. Sashe na 215 kuma, bayan ya ba gwamna damar ba kwamishinan 'yan sanda umarni, sai ya ba kwamishinan damar neman a kai maganar gaban Shugaban Ƙasa kafin ya zartar. Idan kaka ta yi, ruwa ya janye, garken shanu suka gangaro fadama tun ba a gama yankan shinkafa ba, rikicin da kan tashi a ƙasashen Guri da Kiri Kasamma yana bukatar wanda ya san burtali da mashaya, ya san bulama da arɗo da sunayensu, ya kuma isa wurin kafin magriba. Alhali jami'in da aka turo daga wata nahiya, wanda ƙarin girmansa da canjin wurinsa ke hannun Abuja, ko da mai kirki ne, kafin ya san ƙasar an ɗauke shi. Masu tsoron 'yan sandan jiha suna da hujja mai ƙarfi, dattawa ba su manta da abin da 'yan jam'iyyar NEPU suka gani a hannun 'yan doka da wasu alƙalan En'e ba, kuma gwamnan da ya riƙe bindiga da akwatin zaɓe tare abin jin tsoro ne. Amma maganin wannan sharuɗɗa ne da za a gindaya: hukumar naɗi mai zaman kanta, da haramta musu sa hannu cikin zaɓe, da ikon tarayya na shiga tsakani in an ƙetare haddi. Barin al'amarin yadda yake bai hana jihohi kafa Hisba da 'yan sintiri ba, sai dai ya bar su ba cikakken hurumi, ba kuma cikakken hisabi.

Sai kuɗi, wanda in babu shi iko suna ne kawai. Sashe na 162 ya tara galibin kuɗin shigar ƙasa cikin asusun tarayya, ana rabawa wata-wata. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da aka haƙo su, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. A tsarin 1963 rabin kuɗin ma'adinai ke komawa yankin da ya samar da su. Jiha irin Jigawa, wadda arzikinta noma ne da kiwo da su, ba ta da manyan kamfanonin da za ta tatsa, harajin kamfanoni ma na tarayya ne, haraji da jangali kuwa tun 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar jihar Kano; saboda haka albashin malamin makaranta a Kafin Hausa ya rataya ne a kan farashin gangar mai da abin da aka raba a Abuja. Illar wannan ba talauci ba ne kaɗai. Gwamnatin da ba daga aljihun jama'arta take ci ba, kunnenta yakan fi karkata ga mai rabo fiye da mai ƙuri'a, jama'a kuma sukan ɗauki aikin da aka yi musu kyauta ce, su yi godiya inda ya kamata su nemi lissafi.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa abin da jihohi ke kuka da shi daga sama, shi suka yi wa na ƙasa da su. Sashe na 7 ya lamunce zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukansu, tun daga kasuwa da tasha da maƙabarta da mayanka har zuwa lasisin keke da kwalekwale, da sa hannu cikin ilimin firamare da kiwon lafiya. Amma kundin ya bi da kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, a jihohi da dama kuma aka shekara da shekaru ana mulkinsu da kantomomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, kuma kwamitin riƙo ba shi da gurbi a tsarin mulki. Hukunci ne mai nauyi, ko da yake zartar da shi ya fi furta shi wuya.

Yanzu mu zo ga kogi, domin a nan ne duk waɗannan zaruruwa suka sarƙe. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, ya ratso ta Ringim ya nufo gabas, ya fitar da reshen da ake kira Kogin Kafin Hausa, ya bazu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, ya sadu da na Jama'are wanda ya taso daga tsaunukan Jos, su zama Komadugu Yobe, wadda ke shata iyaka da Nijar kafin ta faɗa Tafkin Cadi. Kafin 1967 duk wannan tafiya, in ban da gaɓar Nijar, cikin yanki ɗaya take, ƙarƙashin gwamnati ɗaya a Kaduna. Lokacin da Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, mai noman rani a Kadawa da mai shinkafar fadama a Auyo 'yan jiha ɗaya ne, gwamna ɗaya za su kai wa kuka, shi kuma dole ya auna maslahar wannan da ta wancan. Da aka zo 1991 sai iyaka ta ratsa tsakaninsu: madatsun, Tiga da ta Challawa wadda aka gama a 1992, suka zauna a Kano, fadamar ta koma Jigawa da Yobe. Abu na 64 a jerin tarayya kuwa ya ce ruwan da Majalisar Tarayya ta ayyana cewa ya shafi jiha fiye da ɗaya na tarayya ne, dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta tabbatar da haka, Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 mai hedkwata a Kano, ita ke riƙe da ƙofofin. Wannan shi ne abin da masu murnar samun jiha ba su cika lura da shi ba: duk lokacin da aka ƙara yanka ƙasa don a kusanto da mulki ga jama'a, sai wasu al'amura da dā suke cikin gida su zama na tsakanin jihohi, su haura sama, su ƙara nisa.

A dubi gona ɗaya a bakin wannan kogi. Ƙasarta, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda sashe na 315 ya ɗaure cikin kundin, amana ce a hannun gwamna, takardar mallakar gargajiya kuma ƙaramar hukuma ke bayarwa. Ruwan da ke shigarta na tarayya ne. Kifin da ke cikin ruwan kuwa na jiha ne, domin jerin tarayya ya togace sun koguna da tafkuna. Kwalekwalen masunci lasisinsa na ƙaramar hukuma ne. Kafin madatsun, kogin yakan cika da damina ya malala, ya bar laka mai albarka, ya janye da rani har ƙasa ta tsage. Da aka riƙa sakin ruwa shekara zagaye domin noman rani da shan birnin Kano, sai ciyawar kacala ta sami abin da take so, ta tsiro ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a bayanta, ruwa ya bar inda ake bukatarsa ya kwanta inda ba a so, tsuntsun jan-baki kuma ya sami mafaka a cikinta yana fitowa da safe ya sauka kan shinkafa da gero. Duk wanda ya ga mutanen gari cikin watan Agusta ko Satumba, tsofaffi da samari, ruwa iya ƙugu, suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga da hasken tocila, ana aika yaro ya duba sandar da aka kafa a bakin gaɓa ko ruwa ya ƙara hawa, ya san cewa mas'alar nan ba ta malaman doka ba ce kaɗai. A ambaliyar 2020 da ta 2022 ƙasar Haɗejiya ta ga abin da ta gani. Ba daidai ba ne a ɗora wa madatsun laifin duka, domin ruwan sama mai yawa da cikewar kogi da gini a kan hanyar ruwa duk suna da nasu kaso, madatsun kuma sun shayar da miliyoyi, aikin noman rani na Auyo ma daga gare su yake sha. Amma gaskiya ne cewa mai buɗe ƙofa ba mutanen fadama suka zaɓe shi ba, wanda suka zaɓa kuma ba shi da mabuɗi, sai dai ya sayi injin yashe kogi ya kuma raba kayan agaji.

Shin maganin shi ne a mai da ruwan hannun jihohi? Ban ga haka ba, kuma mutumin fadama ne ya fi kowa cancantar ya ƙi wannan shawara, domin in kowace jiha ta mallaki abin da ya ratsa ta, na sama zai sha ya ƙoshi, na ƙasa ya jira saura. Gardamar madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kan Kogin Jama'are, wadda Bauci ke so, mutanen Yobe da Barno ke tsoro, ta isa hujja. Fiƙihunmu ma bai bar ruwa mai gudu ga son ran na sama ba: ya ba shi haƙƙin fara sha, amma ya ƙayyade masa gwargwado, ya wajabta masa saki ga na ƙasa da shi. Ga kuma Nijar, wadda ke da haƙƙi cikin Komadugu bisa yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, kuma ba jihar da ke da ikon ƙulla alkawari da wata ƙasa. Saboda haka ajiye kogin a hannun tarayya daidai ne. Aibin yana wajen cewa kundin ya ba da ikon ya yi shiru, bai ce a shawarci kowa ba, bai ajiye wa jihohin da abin ya shafa kujera ba, bai kuma faɗi inda manomin da ruwa ya ci gonarsa zai tsaya ya nemi bayani ba. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa da aka yi ta kaiwa Majalisar Tarayya tun 2017 ya gamu da turjiya daga jihohin da suka ji tsoron za a karɓe musu filayen bakin koguna, gardamar ta koma ta ƙabila da yanki, bukatar masu zama a ƙarshen kogi ta ɓace cikin hayaniya.

Wasu ƙasashe masu irin tsarinmu sun nemi mafita tsakanin mallakar tsakiya da mallakar jiha. A Amurka jihohi bakwai sun ƙulla yarjejeniyar rabon Kogin Kolorado a 1922. Indiya ta yi doka a 1956 wadda ke kafa kotuna na musamman domin gardamar ruwa tsakanin jihohi. Mu ma an ɗauki hanyar, domin a 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, sun haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu suka kafa asusun amana na wannan kwari; sai dai asusu ne na gyara da yashe, ba shi da ikon hukunta yawan ruwan da za a saki ko lokacin sakinsa.

Gyara kundin kansa abu ne mai wuya da gangan, domin sashe na 9 ya shar'anta kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24. Maganar 'yan sandan jiha da ta asusun haɗin gwiwa sai ta wannan doguwar hanya, inda wakilan mazaɓun Kafin Hausa da Bulangu a majalisar Dutse ke da ƙuri'a kamar kowa. Amma maganar kogi ba ta bukatar wannan wahala. Tun da ruwan yana cikin jerin tarayya, doka ɗaya ta Majalisar Tarayya ta isa ta kafa majalisar kwari mai ikon zartarwa, wadda kowace jiha daga cikin shidan ke da kujera a cikinta tare da wakilan manoma da masunta da makiyaya. Ta wajabta a buga jadawalin sakin ruwa kafin damina, a sanar da shi ta rediyo da bakin hakimai. Ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da dole ya wuce Wudil ya kuma wuce Haɗejiya kowace shekara. Ta faɗi a fili wanda yashe kogi da yankan kacala ke wuyansa, da asusun da za a biya daga ciki. Jigawa tana da sanatoci uku da wakilai 11 a Abuja, Yobe da Barno da Bauci suna da nasu, kuma kawo irin wannan ƙuduri yana cikin hurumin kowane ɗaya daga cikinsu.